Mai Gyaran Famfo

Shekara talatin da ɗaya ina bin bututun Ajiwa,
daga Ƙofar Ƙaura har Rafin Daɗi.
In kara kunne a ƙasa kamar mai satar jin hirar tururuwa,
in ce: ku tona nan.
A tona, a tarar da ɓarakar.
Babu yoyon da ya taɓa ɓoye mini a Katsina.
Yau ga shi a cikin wandona.

Likita ya faɗi nasa.
Ya ce sankara ce a gindin mafitsara,
abincinta sinadarin mazakuta, za mu sa mata yunwa.
Allura a fatar ciki duk wata uku.
Ya ce zufa za ta karyo maka ko da sanyin asuba.
Ya ce, idonsa a kan takarda, sha'awa za ta kwanta.
Na ce ta kwanta, ta yi aiki ta gaji.
Muka yi dariya.
Batun fitsari kuwa, ko ya faɗa, ban ji ba.

Kwana tara da allurar, dare ya zama hanya.
Sau bakwai.
In zabura kamar wanda kunama ta harba,
in tsuguna, shiru.
Ɗigo.
Ɗigo.
Famfon Sabuwar Unguwa a tsakiyar bazara.
In koma in ja mayafi, sai ya ce ga ni nan.

Ranar Talata, Magariba, raka'a ta biyu,
ina sahun gaba inda goshina ya san tabarma,
na sunkuya ruku'u, sai ɗumi ya bi cinyata.
Ban ji abin da liman ya karanta ba daga nan.
Sati uku ina cewa maƙwabta ƙafa ce.

Hure ba ta tambaye ni ba.
Tsohon zaninta ta yayyanka, ta ninke, ta ɗinke,
ta ajiye su inda nake ajiye hula.
Robar fenti mai murfi a gefen gado,
fitila a kunne har safe.
In ta wanke, ƙarƙashin mayafinta take shanyawa
don kada jikoki su ƙirga.
Shekara arba'in muna tare, ban san tana da wannan shirun ba.

Malam Sada ya zo dubiyar ƙafa.
Muka zauna a zaure, na faɗa masa ina kallon bango.
Ya daɗe yana juya carbi.
Ya ce, abin da ya fi ƙarfinka ba ya raba ka da sahu,
sa ƙyalle ka zo.
Wanda ya gina tulun ya san inda yake tsatsafa.

Na koma asibiti da kunyata a aljihu.
Wata yarinya mai farin kaya, sa'ar autata,
ta miƙo takarda: rubuta abin da ka sha da abin da ya fita.
Ni da na ƙare rayuwa ina karanta mita!
Aka ƙaro ƙwaya ta dare, aka hana ni shayin bayan Isha,
aka ce in ya toshe gaba ɗaya, zo ko da tsakar dare ne.

Yanzu sau uku. Wani daren biyu.
Na san duk makewayi daga Ƙofar Soro zuwa kasuwa
kamar yadda na san bakin kowane bututu.
Sahun baya nake tsayawa, daf da ƙofa.

Jiya wani dattijo ya tsaya kusa da ni,
takalminsa a hannu, idonsa a kan buta.
Tsohon kunnena ya ji.
Ban ce a tona ba.
Na matsa masa, ya fi ni kusa da ƙofa.